Jimar Labari

Kakana Nomau majemi ne.
Ya rasu faratansa na ɗauke da launin bagaruwa,
sabulu ya gaza, wankan gawa ma ya gaza.
Kartajinsa wani ɗan'uwa ya ɗauka.
Ni warin kawai na gada, da haƙurin zama gaban fata.

Shi ya sa in an tambaye ni a taro,
"Malam, ta ina labari ke zo maka?"
sai in gyara hula in ce ilhama.
Ƙarya nake. Ɗanye yake zuwa, da jini, da ƙudaje,
kamar abin da mahauci ya jefo daga kwata.

Ga Arzika.
A tashar Illela na tsince shi, ba dukansa ba,
tafiyarsa kawai: mutum ya sauke buhun albasa
amma kafaɗa ɗaya ba ta ji labarin an sauke ba.
Muryar ta wani mai gyaran rediyo ce a Mabera.
Dariyar kuwa, Allah ya yafe mini,
a bakin surukata na sata.

Sai in jiƙa.
Wata bakwai yana cikin ruwan toka a kaina,
ban taɓa biro ba.
Hajo ta ce, "Aikin ke nan, ƙirga azarar ɗaki?"
Na ce gashi ba ya sakin fata don ana sauri.
Ta ce tukunya ma ba ta tafasa da karin magana,
ta ja mayafi ta fita.

Bayan isha'i nake farawa,
a tsakar gida, cikin bazara,
lokacin da katanga ke amayar da ranar da ta haɗiya.
Gumi ya ɗiga a shafi, ya ci rabin kalma.
Takardar ma ragowar littafin lissafi ce na auta.

Ran Juma'a ake karta.
In kai wa Inna Tumba a Runjin Sambo, tana tsinkar zogale.
Ba ta san baƙin boko ba, ba ta kuma jin kunyata.
In hannunta ya tsaya cak a kan reshe, wurin ya jimu.
In ta yi hamma, in ja layi.
Shafi huɗu na sa Arzika yana wa'azi kan amana,
jimlolin da na fi so a duk littafin.
Ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Wagga magana ba ta Arzika ba ta. Taka ta."

Na kankare.
Da ciwo. Kitse ne, amma a jikina yake.

Babi na tara na shirya masa mutuwa,
na kai shi gadar Kwalkwalawa da damina, gulbi ya batse,
bashi a wuyansa, albasa ta ruɓe a rumbu.
Na tura shi.
Sai ga mutumin nan ya yi iyo!
Ashe a gidan Sarkawa aka yaye shi, ban sani ba.
Ya fito, ya matse riga, ya harare ni.
Babi shida ya ƙara mini, ga kuɗin bugu na jirana,
ban da zaɓi, na bi sawunsa ina rubuta.

Rini shi ne ƙarshe.
Karan dafi ba ya rufe ruɓa,
ƙawar lafazi ba ta ceton labarin da bai jimu ba.
Akwai kuma huda ɗaya, inda wuƙata ta zame,
wata tambaya da ni kaina ban san amsarta ba.
Nomau ba ya ɗinke irin wannan.
Yakan ce mai saye zai ɗaga ta ya duba rana,
bar masa inda haske zai ratsa ta.

Jiya na ga wani yaro da littafin a Kasuwar Kara,
ya naɗe shi a aljihu, bangon ya fara laushi.
Ban ce masa ni ne ba.
Na dawo gida na sunsuna hannuna.
Akwai wani sabon wari.
Wata mata ce, na ji tana ciniki da mai gishiri,
tun jiya take cikin toka,
ban ko san sunanta ba tukuna,
na dai san yadda take riƙe buta.